Ranar da Na Ba da Jini a Madadin Amarya

A unguwarmu Nima, a shekarun da kaya suka ɓace daga kantuna, rabin rayuwarmu a layi muka yi ta. Layin sabulu, layin sukari, layin kananzir, ga na famfo wanda shi ba ya ƙarewa. Kuma ba mai tsayawa don kanta ita kaɗai. Ki ajiye dutse ko tsohon kwano, ki ce wa ta bayanki, "Wannan na maƙwabciyata ne, tana zuwa." In an kira wadda ba ta nan, wata ta amsa mata ta karɓa. Ba mu ɗauki wannan ha'inci ba. A wurinmu zumunci ne, wadda ba ta yi ma ita ake zagi.

A gidanmu ni ce mai tsayawa. Ina da jiki, ina da murya, kuma koko da ƙosan da nake sayarwa a bakin lungu kusa da babbar kwata kan ƙare da hantsi, sai in samu sarari. Ba a taɓa ture ni daga layi ba. Ina alfahari da haka, ba zan ɓoye ba.

Ƙanena direban babbar mota ne, yana kai goro arewa ya dawo da albasa. A ɗaya daga cikin tafiye-tafiyensa ya auro yarinya daga wani ƙauye a Nijar ya kawo mana. Amarya muke ce mata, har yau da furfurarta sunan bai sake ta ba. Siririya ce, muryarta kamar ana raɗa. Hausarta mai kyau ce, irin ta rediyo, mu kuwa tamu ta Zongo in ta ji sai ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, wai muna ce wa mace "shi". Ni na koya mata hawa trotro, motar hayarmu, ni na kai ta Makola ta ga kasuwar da ta fi garinsu girma. Ina son ta. Ina so a riƙe wannan kafin a ji sauran.

Cikinta na farko bai kai ba. A wata na bakwai ta haifi ɗa namiji ba rai, a ɗaki, hannun ungozoma. Inna, mahaifiyarmu, ta ce haka Allah ya so, muka ce haka ne. Da ta samu na biyu sai na tsaya kai da fata cewa wannan karon za ta je awo. Ni ma ina da cikin ɗana na huɗu a lokacin, wata ɗaya ne tsakaninmu, don haka tare muka tafi asibitin unguwa.

An auna mu, an taɓa ciki, aka ba kowa katinta da wata 'yar takarda ta kai bayan ginin. A can akwai taga, a cikinta wani mutum mai tabarau yana kiran suna, ki miƙa hannu ya ɗaure da roba ya zuƙi jini. Ranar Litinin ce. Ni na miƙa nawa ina hira. Amarya na ganin jinina yana hawa cikin sirinji sai ta juya da gudu, na same ta a gindin bishiya tana amai.

"Yaya, wallahi in aka zuƙe min wannan, faɗuwa zan yi."

"Ke tafi can, cokali ɗaya ne fa."

"Cokalin nan shi ne duk abin da nake da shi."

Da muka koma gida Inna ta goyi bayanta. Ta ce, "Jinin me za su ɗiba a jikin wannan? Mai ciki jininta na mutum biyu ne. Ke da kike kamar buhun masara ba ki san zafin abin ba." A famfo kuma kowace mace da nata labarin. Wasu sun ce sayar da jinin ake yi. Wannan ban yarda ba, wa zai sayi cokali guda? Abin da na yarda da shi, kuma na ɗauka kowa ya sani, shi ne ana aunawa ne a ga ko jinin mace ya isa ko bai isa ba. Sai na yi lissafina irin na mai koko. Ni na riga na san jinin Amarya bai isa ba, ba sai kwalba ta gaya mini ba. Maganinsa hanta da alayyahu, kuma zan ba ta. Abin da ya rage kawai shi ne a cika mata kati, don in ba a cika ba nas za ta kore ta ranar awo na gaba.

Ranar Alhamis na ɗauki takardarta na koma. Mai tabarau ya kira sunanta, na ce, "Na'am," na miƙa ɗaya hannun. Ya dube ni ta saman gilashi.

"Ban gan ki a nan ran Litinin ba?"

"Owura, ranka ya daɗe, matan Nima in mun yafa mayafi duk kamanninmu ɗaya. Ƙanwata ka gani."

Ya yi dariya ya ɗaure robar. Layi ya kai bakin ƙofa, ba shi da lokacin gardama da ni, kuma ba wanda zai zo masa a rai cewa mace za ta kawo hannunta sau biyu don daɗi.

Na dawo gida da auduga a gwiwar hannu kamar wadda ta ci yaƙi. Amarya ta durƙusa ta yi godiya, ta kwashe wankina duka ta wanke. Inna ta sa mini albarka. Da sakamako ya fito nas ta duba katin ta ce lafiya lau, har ta yaba wa Amarya, ta ce siririya amma jini kamar na doki. Muka ƙunshe dariya har muka fito waje. Na ba da labarin nan a famfo ya fi sau goma.

Ni na riga ta haihuwa, namiji ƙato. Bayan sati uku ta haifi mace, 'yar ƙarama amma da kukanta. Aka yi suna, aka yanka rago, ƙanena ya kawo masu kiɗa daga Kotobabi. Muka ce an tsallake.

Ba a yi arba'in ba yarinyar ta fara mura. Hanci ya toshe, majina na zuba ba tsayawa, wani lokaci da ɗan jini a ciki. In ta kama nono sai ta saki don numfashi. Sannan tafin hannunta da tafin ƙafarta suka fara saɓa, fata na fita kamar ɓawon dafaffen dankali. Hannunta na dama ta daina ɗaga shi, in an taɓa ta tsala ihu. Inna ta ce nonon uwar ne ba kyau, in gwada ba ta nawa. Na ba ta sau biyu ko uku, ba ta ja abin kirki ba. Daga nan Inna ta sauya magana, ta ce wabi ne, wancan na farkon ne ya dawo zai sake komawa, a kira wanzami ya yi mata tsaga a kumatu don a gane ta, ta ji kunya ta zauna. Har an aika masa. Na ce ba mai sa wa yarinyar nan aska sai Maame ta gan ta.

Maame ita ce babbar nas ta ɗakin jarirai, dattijuwa 'yar ƙabilar Ga da ta daɗe a cikinmu har ta iya Hausarmu da zaginmu. Da safe muka je, Amarya riƙe da 'yarta, ni da nawa a baya. Maame ta kwance zanen. Ta buɗe tafin hannu ta duba, ta duba ƙafa, ta danna cikin a hankali. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce, "Ina katin awo?"

Ta karanta. Ta juya bayansa, ta dawo ta sake karantawa da yatsa.

"Amarya, ka taɓa haihuwa kafin wannan?"

"Sau ɗaya, Maame. Bai zo da rai ba."

"Wata nawa?"

"Bakwai."

Maame ta kaɗa biro a kan tebur. Ta ce, "Abin mamaki. Abin da nake gani a jikin yaron nan ya yi kama da wani ciwo da na sani sarai. Amma kati ya ce jinin uwar ba komai. To, tunda babu a uwa, ba inda yaro zai samo. Sai mu nemi wani abu." Ta jawo takarda ta fara rubutu. Man shafawa, maganin ɗigawa a hanci, mu dawo bayan sati biyu.

Bakina ba ya zama. Na ce, "Maame, wane ciwo ne kika ce ya yi kama?"

Ba ta ɗago ba. "Tunjere."

Na san kalmar. A zagi na san ta. Abin da ake jifan 'yan tasha da matan banza da shi ne, ciwon da ake cewa yana cinye hancin mutum. Na ce, "Subhanallahi! Me ya haɗa jaririya da tunjere? Ko arba'in ba ta yi ba!"

Ta ce, "Ai shi ya sa muke ɗibar muku jini. Ciwon nan yana kwanciya a jikin mutum shekara da shekaru, ba zafi ba ƙaiƙayi. Mace tana sallarta tana azuminta, mijinta ya kawo mata ba ta sani ba. In ta yi ciki ya bi jini ya shiga yaro. Wani ya mutu a ciki, wani ya fito haka. Amma in mun gani tun da wuri, allura kawai za mu yi wa uwa, yaro ya fito fes."

Na ji kamar an ɗaga benci an bar ni a sama. Na ce, "Ba yawan jini kuke aunawa ba?"

"Muna auna wannan ma. Kai ka ɗauka don abu ɗaya muke cika kwalba biyu?"

Kwalba biyu. Na gan su da idona, sau biyu ma na gan su, ban taɓa tambaya ba. Ɗana yana motsi a bayana ban ji nauyinsa ba. Na dubi tafin ƙafar yarinyar, jajir, na dubi katin da ke ƙarƙashin hannun Maame. Duk abin da aka rubuta a ciki game da ni ne. Ni ce lafiya lau. Ni ce mai jini kamar na doki. Amarya kuwa ba wanda ya taɓa duba ta, ta yi wata tara tana zuwa awo ba a san abin da ke jikinta ba, kuma ni na yi wannan da hannuna na hagu.

Sai na ji an ja mayafina. Amarya ce, idonta ya fito, ta matso kunnena. "Yaya, don girman Allah kar ki faɗa. Soja za su kira. Ba ni da takarda."

Ba shirme take yi ba. Zamanin da ake shimfiɗe matan kasuwa a yi musu bulala kan gwangwanin madara ne, kuma kowa a Zongo yana tuna shekarar da aka loda baƙi a motoci aka fitar da su daga ƙasar. Ni ma ban san hukuncin wanda ya yi wa gwamnati ƙarya da jini ba.

Maame ta yage takardar ta miƙo. Sati biyu. Na dubi yarinyar tana jan numfashi da baki, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Na haifi huɗu, na wanke gawar jarirai a lungunmu, na san wannan ba ta da sati biyu.

Na ce, "Maame, jinin nan nawa ne."

"Wane jini?"

"Na cikin katin. Ita tsoro take ji, ni na je na amsa sunanta."

Ta tsaya da takardar a hannu. Ta dube ni, ta dubi Amarya, ta sake dubana. Sannan ta ɗora hannu biyu a ka ta kira Ubangiji da Twi, "Awurade!" Abin da ya biyo baya da harshe uku ya zo, Ga da Twi da Hausa, kuma na fahimci kowanne. Duk matan da ke layi suka leƙo.

"Kai mahaukaci ne? Jini sabulu ne da za ka karɓar wa wani? Allura! Allura kawai, da yaron nan yana wasa da ƙafarsa yanzu!"

Na ce, "Ban sani ba."

"Ba ka sani ba, ka tambaya? Da wannan ƙaton bakin naka?"



Ta yayyaga takardar maganin ta jefa a kwando. Ta kama hannun Amarya da kanta ta ja ta zuwa tagar nan, ta tsaya a kanta har aka cika kwalba. Amarya ba ta faɗi ba. Ko amai ba ta yi ba. Da muka dawo Maame ta tambaya ko akwai wadda ta shayar da yarinyar ban da uwarta. Na ɗaga hannu. Ta rufe ido ta yi dogon tsaki, ta ce majinar hancin nan cike take da ciwon, ni ma in je in miƙa hannu, wannan karon da sunana. Da mai tabarau ya gan ni, kunya ta hana mu haɗa ido.

Ba a kira soja ba. Ba wanda ya tambayi takardar kowa. Likita ya duba yarinyar bai jira sakamako ba, ya tura su babban asibiti a ranar, aka kwantar da su, aka fara yi mata allura. Da sakamakon ya fito, na Amarya akwai. Nawa babu, an sake dubawa daga baya ma babu.

Saura ƙanena. Maame ta ce in ba a yi masa ba, aikin banza ne, zai sake mayar mata. Na same shi a tasha da azahar ana ɗaure wa motarsa tamfol, zai tashi arewa. Na ja shi bayan mota na gaya masa. Ya yi dariya.

"Yaya, dube ni fa. Na yi kama da mai ciwo?"

"Ba ka taɓa ganin komai a jikinka ba?"

Ya sosa ƙeya. Wai wani ɗan ƙurji ne, tun kafin aure, ba ya ma zafi. Ya sayi kafso a hannun mai tallan magani ya sha biyu, ya baje da kansa.

"To bai baje ba. Yana can kwance a gadon asibiti da hanci a toshe."

Ya ce in ya dawo zai je. Makullin motar na rataye a aljihun rigarsa. Na fizge na jefa cikin rigata na ce, "Zo ka ɗauka in ka isa." Na juya na kama hanya. Ya biyo ni yana, "Yaya, mutane na kallo," na ce in bai rufe baki ba zan gaya musu abin da suke kallo. Haka muka je har tagar.

Inna ce ta fi ba ni tausayi. Da farko ta ce ƙarya ne, ɗanta ba ɗan iska ba ne, sharrin asibiti ne. Da na zaunar da ita na warware mata komai, har da na farkon da muka binne, sai ta riƙe haɓa. Can ta ce, "Kuma ni na sa miki albarka." Ta aika wa wanzami cewa ya bari.

Kwana goma aka yi ana huda 'yar cinyar nan da ba ta kai taɓaryar yaji kauri ba. Kullum in na sauke tukunyar koko sai in ɗauki abinci in hau trotro. Amarya takan karɓa ta ce sannu, ba ta ƙara komai. Na rasa ko fushi take da abin da na yi tun farko, ko da faɗar da na yi, ko da ƙanena ne ta rasa inda za ta ajiye. Ban tambaya ba. A rana ta shida na shiga na tarar yarinyar ta kama nono tana ja, ba ta saki ba, gumi a goshinta. Amarya ta ɗago ta ce, "Yaya, zo ki ji yadda take cizo." Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba a gaban Maame.

Yarinyar ta rayu. Hannun ya warke, fatar ta dawo. Amma karan hancinta ya kwanta, bai tashi ba, kuma kunnenta na hagu ba ya ji sosai, sai an zagayo dama a yi mata magana. Yara sun tsokane ta da hancin a makaranta, na mari biyu daga cikinsu, na je har gidan na uku. Wannan bai ɗaga hancin ba. Duk ranar da ta shigo ta gaishe ni sai na gani.

Na koma famfo na ba da labarin, a wurin da na yi ta fahariya da shi. Wata ta ajiye bokitinta ta ce ita ma ta taɓa yi wa 'yar ɗakinta haka. Wata ta ce ita fitsarin 'yarta ta kai don nata ya ƙi zuwa. Ashe ba ni kaɗai ba ce, kuma wannan ya fi komai tayar mini da hankali. Bayan shekaru, da aka buɗe ajin manya a unguwa bayan la'asar, ina cikin na farko da suka zauna a bencin yara, gwiwata na dukan tebur. Da na fara haɗa baƙi na ce Amarya ta ciro mini katin nan daga ƙasan adakarta. Na karanta sunanta a sama da kaina. Sauran rubutun likitoci ne, ban iya ba, kuma ba na bukata, na san na wace ce.

Amma kafin ajin, shekara biyu bayan wancan abin, Amarya ta sake samun ciki. Tun bai fito ba ta zo ta same ni a bakin lungu ina kwashe ƙosai, ta ce, "Yaya, gobe za ki raka ni?" Muka je. Muka zauna a benci a gaban tagar, hannunta cikin nawa, sanyi ƙalau. Mai tabarau ya ɗaga takarda ya kira sunanta. Wallahi sai da bakina ya buɗe, saboda sabo. Na dafe shi da tafin hannu.

Ta miƙe ta ce, "Na'am," da wannan 'yar muryar tata. Bai ji ba, sai da ya sake kira. Ta ƙara ɗaga murya, ta naɗe hannun riga ta miƙa ta cikin tagar, ta kawar da kai tana kallona har ya cika kwalba biyun.

Namiji ta haifa. Kafin kowa ya yi barka na buɗe tafin hannunsa na duba, na duba ƙafa, na sake dubawa ranar arba'in. Fata ce lafiyayya, ba abin da ya saɓe.